Mayafin Zainaba: kwana biyar a Sarayebo

Sanyin da ya tarbe ni a ƙofar filin jirgin Sarayebo ba irin na hunturunmu ba ne. Namu leɓe yake busarwa ya fasa dunduniya, wannan kuwa ƙashi yake nema. Ɗan ƙanena da ke karatu a wata jami'a a birnin yana tsaye da ƙatuwar rigar sanyi a hannu, kafin in buɗe baki ya lulluɓa mini ita. Ya ce, "Gwaggo, sa wannan tukuna, gaisuwa ta biyo baya." Watan Janairu ne. Daga Abuja na taso, na yi rabin dare a Santambul, jakata cike da yaji da kuka da daddawa, domin yaron ya shekara uku bai leƙo gida ba. Shi na zo gani. Ban san akwai wata mata da ta rasu shekaru da dama da suka wuce wadda za ta cinye mini rabin tafiyar ba.

Sarayebo, babban birnin Bosniya, a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, wani ɗan kogi mai suna Milyaska ya ratsa ta tsakiya. Washegari muka shiga tsohuwar kasuwa, Bashcharshiya. Layin maƙeran jan ƙarfe ya tuna mini Kurmi, ƙarar guduma daga wannan rumfa zuwa waccan, butoci da farantai jere a bakin hanya. Muka yi azahar a masallacin Gazi Husrev-beg, wanda aka gina tun wajen 1530. Kusa da shi akwai doguwar hasumiya mai agogo, kuma agogon da faɗuwar rana yake lissafi, idan magariba ta yi sai ya nuna sha biyu. Daga ƙofar masallacin, tafiyar minti kaɗan ce zuwa cocin Katolika, da cocin Sabiyawa, da tsohon wurin ibadar Yahudawa.

Matar da yaron ke haya a gidanta tsohuwa ce, ta haura saba'in. Da ta ji gwaggonsa ta zo, sai ta hau bene da kanta da tire, da ɗan tulun gahawa na jan ƙarfe da ƙananan kofuna marasa mariƙi. Ba ma jin harshen juna, yaron ne tafinta. Na gode mata da riƙon da take yi masa, domin ya sha faɗa mini cewa in ta yi girki sai ta aiko masa. Ta kaɗa hannu ta faɗi kalma ɗaya: komshiya. Yaron ya ce, "Maƙwabci ke nan, Gwaggo. Suna da wata kuma, komshiluk, wato maƙwabtaka da duk haƙƙin da ke cikinta. Ba sa wasa da ita." Daga nan hira ta zarce, har ya ciro wayarsa ya nuna mini wani tsohon hoto, baƙi da fari, na shekarar 1941.

Mata ne da yara suna tafiya a titin Sarayebo. Akwai masu lulluɓi har fuska, irin shigar da matan Musulmin Bosniya ke yi a lokacin, kafin gwamnatin gurguzu ta hana ta a 1950. Tare da su akwai wata da fuskarta ke buɗe. Wannan Bayahudiya ce, Rifka Kabilyo. Ta kusa da ita kuma Zainaba Hardaga ce, wadda su suke rubuta sunanta Zejneba. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu ne, an wajabta wa Yahudawa ɗaura alama mai ruwan ɗorawa don a gane su daga nesa, sai Zainaba ta matso jikin ƙawarta ta saki mayafinta ya rufe alamar. In ba an faɗa maka ba, ƙawaye kawai za ka gani sun fito unguwa.

Na karɓi wayar na daɗe ina kallo. Ni ma mai mayafi ce, na san yadda ake sakin gefensa ya rufe abin da ba a so a gani, kuɗin cefane ko cikin fari. Ban taɓa tunanin za a iya rufe ran mutum da shi ba.

Kashegari na ce ya kai ni tsohon wurin ibadar nan. An gina shi a 1581, yanzu gidan tarihin Yahudawan Bosniya ne. Ginin dutse ne mara ado, yana da hawa biyu na baranda daga ciki, kuma sanyinsa ya kusa fin na waje. Asalin mutanen daga Sifaniya suke. A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi aka kawo ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus, a shekarar aka kori Yahudawa, Daular Usmaniyya ta Turkawa ta karɓe su. Jikokinsu suka iso Sarayebo a ƙarni na 16, suka riƙe tsohon harshen Sifaniya a gidajensu shekara ɗari huɗu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun haura 10,000 a birnin. A tsakiyar ginin akwai wani ƙaton littafi rataye da sarƙa, sunayen waɗanda aka kashe ne a ciki, wajen 12,000 daga faɗin Bosniya. Suna bayan suna, sau da yawa na gida ɗaya a jere.

A nan na haɗa labarin gidan Hardaga daga farko. A watan Afrilu na 1941 jiragen Jamus suka yi wa Sarayebo ruwan bama-bamai, gidan Yosef Kabilyo ya rushe. Shi mai ƙaramar masana'antar bututu ne, kuma ginin masana'antar mallakar wani abokinsa ne Musulmi, Mustafa Hardaga. Yosef ya tasa iyalinsa za su je su kwana a wurin aikin, suka ci karo da Mustafa a hanya. Ya ce ba za a yi haka ba, a wuce gidansa.

Gidan Hardaga gidan kulle ne. Mustafa da matarsa Zainaba, da ɗan'uwansa Izet da tasa matar Bahriya, duk a gida ɗaya. Namijin da ba muharrami ba bai taɓa kwana a cikinsa ba. Duk wanda ya tashi a gida mai zaure ya san nauyin wannan, ya san inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, ya san "ba shiga" ba ado ba ne a jikin bango. Mazan gidan suka ce wa Yosef gidansu gidansa ne, kuma don ya tabbata ba maganar baki ba ce, matan suka daina rufe fuska a gabansa. An mayar da shi ɗan gida. Wannan wurin ya fi kowane taɓa ni, domin mutanen nan ba su ajiye addininsu a gefe don su yi taimako ba. A cikin tsarin gidan nasu suka nema masa gurbi, gurbin ɗan'uwa.

A lokacin Bosniya tana ƙarƙashin gwamnatin Ustasha ta Kuroshiya, wadda Jamus da Italiya suka ɗora, kuma ita ce ta buɗe sansanin Yasenobas inda aka hallaka Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma. Yosef ya samu ya tura matarsa da 'ya'yansa Mostar, yankin da ke hannun sojan Italiya, inda abin ya ɗan yi sauƙi. Shi ya tsaya ya kammala harkar masana'antarsa, sai aka kama shi. Dusar ƙanƙara ce ta toshe hanya ta hana a kai su Yasenobas, sai aka riƙa fito da fursunonin da mari a ƙafa suna share titi. Zainaba ta hango shi a cikinsu. Daga ranar ta fara kai musu abinci.

Da muka fito daga gidan tarihin, dusar tana sauka, ma'aikata na kwashe ta da shebur a bakin titi. Safar hannu biyu na sa, amma yatsuna sun daina jin komai. Na tsaya ina kallon masu shebur ɗin, ina ƙiyasta mutum da ƙarfe a idon sawu cikin wannan sanyi, da kuma mace ta fito daga kulle da ƙunshin abinci, ta doshi inda masu bindiga suke tsaye, yau da gobe da jibi.

Yosef ya tsere daga baya, kuma gidan Hardaga ya sake nufa, a rame, ba lafiya. Suka yi jinyarsa har ya miƙe. Ofishin Gestapo, 'yan sandan ciki na Jamus, yana nan kusa da gidan, ga sanarwa manne a bango cewa duk wanda ya ɓoye Basabiye ko Bayahude hukuncinsa kisa. Shi da kansa ya ga zamansa zai jawo musu halaka, ya bi iyalinsa Mostar. Da Italiya ta miƙa wuya a watan Satumba na 1943, suka haye duwatsu wajen mayaƙan sa-kai. Bayan yaƙi suka dawo Sarayebo ba su da matsuguni, suka sake sauka a gidan. Aka ɗauko kayan adon da suka bari ajiya aka miƙa musu.

Ɓoye mutum ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma mafi yawansa a madafa yake. Tukunya ce za a ƙara wa awo a lokacin da abinci ke wuya, ba tare da maƙwabta sun lura an ƙara ba. Wanki ne da ba za a shanya a fili ba. Yara ne da za a koya wa kame baki. Mai gida ya ce "ku shigo" sau ɗaya, amma uwar gida ce ke maimaita wannan kalma kullum da hannunta.

Da daddare na tura hoton a zauren danginmu na WhatsApp. Wani ɗan'uwanmu ya amsa da cewa, "Hajiya, me ya kai ki labarin Yahudawa, ga abin da ake yi a Gaza?" Ban ji haushinsa ba, domin ni ma abin na ci mini rai, kuma ban fasa yi wa mutanen Gaza addu'a ba. Na rubuta masa cewa mutumin da Mustafa ya tara a hanya a 1941 mai sana'ar bututu ne da gidansa ya rushe, yana riƙe da hannun 'ya'yansa. Na tuna masa hadisin da aka karantar da mu tun muna Islamiyya, cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci, har ya zaci za a ba shi gado. Ba a ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Na kuma tuna masa Liman Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Mu ma mun san wannan aiki a ƙasarmu, mun kuma san abin da ke sa a buƙace shi.

Ba zan ce duk Musulmin Bosniya haka suka yi ba, don ba gaskiya ba ne. Akwai waɗanda suka shiga Ustasha, kuma a 1943 Jamus ta kafa runduna guda ta SS, dakarun jam'iyyar Hitler, da akasarin sojojinta Musulmin Bosniya ne. Akwai kuma malamai da manyan gari 108 da suka sa hannu a wata takarda a Sarayebo a watan Oktoba na 1941, suna Allah wadai da zaluncin da ake yi wa maƙwabtansu. Gari ɗaya, masallatai ɗaya, kowa ya zaɓi abin da zai je da shi gaban Ubangiji.

Rana ta huɗu muka hau taragon lantarki zuwa babban gidan tarihin ƙasa, wanda aka kafa a 1888. A can ake ajiye wani ɗan littafi da ake kira Haggada ta Sarayebo, wanda Yahudawa ke karantawa a daren idinsu na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. An rubuta shi da hannu a kan fata a Sifaniya wajen 1350, da zane-zane masu ruwan zinariya, kuma gidan tarihin ya saye shi a 1894. A ɗaki mai tsaro yake, bayan gilashi, ba kullum ake nuna shi ba. A kwafin da ake bari a buɗa na ga wani shafi da ya tsayar da ni: iyali zaune a teburin idi, a cikinsu akwai wata mata baƙar fata. Shekara kusan ɗari bakwai tana zaune a wurin.

Mai kula da ɗakin karatun gidan a lokacin yaƙi wani malami ne, Darwish Korkut, ɗan garin Travnik, wanda ya yi karatu a Santambul. A 1942 wani janar na Jamus, Johann Fortner, ya zo neman littafin. Darwish ya riga ya soke shi a ƙugu ƙarƙashin riga, aka ce wa janar ɗin wani hafsan ya riga ya karɓa. Daga baya ya fitar da shi daga birnin ya kai ajiya wani ƙauyen Musulmi a kan dutse, har yaƙi ya ƙare.

Wannan shi ne labarin da aka fi bayarwa. Ni kuwa na matarsa Servet ne ya zauna mini. A shekarar, Darwish ya shigo gida da wata budurwa Bayahudiya, Mira Papo, wadda aka kwashe iyayenta, ba ta da inda za ta sa kanta. Servet ƙaramar yarinya ce a lokacin, tana goyon ɗansu Munib. Aka sa wa Mira lulluɓi, aka raɗa mata suna Amira, aka ce 'yar aiki ce da ta zo raino. Wata da watanni tana gidan, sojan Jamus na kai-komo a titi. A gidan Hardaga an cire mayafi don baƙo ya zama ɗan gida, a gidan Korkut an ɗora shi don baƙuwa ta ɓace wa masu nemanta. Babu sojan da zai ɗaga lulluɓin matar aure a titin Sarayebo ba tare da ya tada unguwa ba, kuma matan sun san haka.

Ƙarshen labarin Darwish akwai ɗaci. Bayan yaƙi gwamnatin gurguzu ta gurfanar da shi, Servet ta nemi Mira ta zo ta yi masa shaida. Mira ba ta je ba, zamanin tsoro ne. Ya yi shekara shida a kurkuku, ya rasu a 1969. Abin bai bar zuciyar Mira ba, sai a 1994, tana tsohuwa a Isra'ila, ta rubuta shaidarta ga Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Ƙudus, aka sanya sunan Darwish da Servet cikin waɗanda suka ceci Yahudawa. Ban iya zarginta ba. Na dai ji tausayin Servet, ranar da ta koma gida hannu rabbana.

Shekara biyar bayan haka, a 1999, yaƙin Kosovo ya koro 'yar Darwish, Lamiya, daga Pirishtina zuwa Masedoniya, ba ta da komai sai kwafin takardar karramawar iyayenta a aljihu. Ta nuna wa jama'ar Yahudawan Skopje, aka ɗauke ta da mijinta zuwa Isra'ila. Wanda ya tarbe su a filin jirgi ɗan Mira ne.

Zainaba ma haka ta faru da ita. An karrama gidansu a 1984, ta je ta dasa itace a Ƙudus a shekarar da ta biyo. Sai ga shi a watan Afrilu na 1992 sojojin Sabiyawan Bosniya sun yi wa Sarayebo ƙawanya daga kan duwatsun nan da nake ta yaba kyansu. Kwana 1,425 aka yi, mutum sama da 11,000 suka mutu. Har yau akwai ramukan harsashi a jikin benaye, kuma inda rokoki suka kashe mutane an cike tabon da jan abu a kan titi, suna kiransa furen Sarayebo. Tsohuwar da yaronmu ke haya a gidanta, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa ta yi waɗannan shekaru, ta nuna mini ƙofar ɗakin da hannu, ba ta ce komai ba. Zainaba ita ma tana cikin birnin, ta tsufa, ba lafiya. Zuriyar Kabilyo suka tashi tsaye, a watan Fabrairu na 1994 aka fitar da ita da 'yarta da surukinta da jikarta cikin ayarin motocin da ƙungiyoyin agajin Yahudawa suka shirya. A Isra'ila ta rasu cikin shekarar.

Akwai mutum ɗaya a labarin da babu wanda ya samu damar rama masa. Mahaifin Zainaba ne, Ahmed Sadik. Shi ma ya ɓoye wani Bayahude mai suna Papo da iyalinsa a garin Konyis. Su sun tsira. Shi aka kama, aka kai shi Yasenobas, can aka kashe shi. Su Kabilyo ma sai bayan yaƙi suka ji.

A rana ta ƙarshe yaron ya ce lallai sai na ga gadar Mostar. Muka hau jirgin ƙasa na sassafe, gari bai gama wayewa ba. Hanyar tana kutsawa cikin duwatsu, rami bayan rami, sannan ta gangara ta bi kogin Neretba, mai ruwa kore shar kamar an zuba masa shuni da ganye. Ta wannan ɓangaren Rifka da 'ya'yanta suka gudu. Yaron ya yi barci, kansa a jikin taga. Da jirgin ya rage gudu na ga allon tasha, na sa hannu na taɓa shi.

"Nan ne Konyis?"

Ya buɗe ido ya duba. "Nan ne, Gwaggo. Ba ya daɗewa, kada ki sauka."

Ban sauka ba. Ƙaramin gari ne, rufin gidaje fari fat da dusa, hayaƙi na tashi daga bututun ɗumama ɗaki, ga hasumiyar masallaci can gefen kogi. Wani dattijo ya shigo da jakar burodi, ya yi mana sallama ya zauna. Na ɗaga hannu a ƙarƙashin mayafina na karanta wa Ahmed Sadik Fatiha da Ƙulhuwallahu, ƙafa uku. Ina cikin ta ukun jirgin ya motsa.